Hannun da Malam Datti Ya Ɗaga

A cikin 'yan Arewa da ke karatu a Kuala Lumpur babu wanda ya san takamaiman abin da Abdulgani yake karantawa, kuma babu wanda rashin sanin ya hana barci. An dai san fiziks ne. An kuma san ba irin wanda ake gyaran fanka da shi ba ne, domin Halliru, abokin zamansa a gida, ya taɓa kawo masa fankarsa da ta mutu, ya juya ta gaba ya juya ta baya, sannan ya ba shi shawarar ya sayi wata. Tun daga ranar Halliru ya raɗa masa suna Farfesa, irin farfesan da ba a nufin alheri da shi.

Su biyu suke zaune a can saman wani dogon bene a unguwar Danau Kota, inda in ka leƙa taga ba ka ganin komai sai wasu benayen da wankin mutane a rataye. Halliru digiri na uku yake yi a harkar bankin Musulunci, fannin da ko mai shayi yana da ra'ayi a kansa, saboda haka bai taɓa rasa abokin hira ba. Matar Abdulgani kuwa, Ruƙayyatu, ta zauna da shi shekarar farko, hutun da makarantar da take koyarwa ta ba ta ya ƙare, ta kwashi yara ta koma Funtuwa. Suna waya, ba a ce ba sa yi ba. Sukan yi maganar tankin ruwa, da takalman Rayyan, da wanda ya rasu da wadda ta haihu. Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa me yake bincike a kai. Ya gyara zama ya fara bayani tsakaninsa da Allah, yana cikin yi ya ji tana ce wa wani yaro ya sauko daga kan kujera. Da ya yi shiru sai ta ce, "Kai, Allah dai Ya taimaka." Addu'a ce mai kyau, ya amsa da amin, bai sake ba.

Abin da yake yi bai kai yadda ake tsoronsa ba. Masu fannin suna zaton ƙarfi uku da ke tafiyar da ƙananan ƙwayoyin halitta, da na lantarki, da wanda ke riƙe cibiyar zarra, da wani mai rauni, asalinsu abu guda ne da ya rarrabu. Don su nuna haka sai su tattara ƙwayoyin gida-gida, wannan gidan mutum biyar, wancan gidan mutum goma. Kowace ƙwaya kuma tana tafe tana juyi, ko ta juya irin naɗin yatsun hannun dama in ka miƙa babban yatsa inda ta nufa, ko irin na hagu. Alamar da ake rubuta wannan da ita sunanta sifino. Sai dai ƙwayar da ke juyin dama ana iya rubuta ta a matsayin akasinta mai juyin hagu, lissafi bai damu ba. Wasu suna rubuta komai a hagu, wasu suna barin wani gidan a dama. Kamar tuƙi ne: a Najeriya ana bin dama, a Malesiya ana bin hagu, kowa yana isa gida lafiya muddin ba a haɗa su a titi ɗaya ba. Abdulgani, wanda har yau in zai tsallaka titi a unguwar Setapak sai ya fara duban inda mota ba ta zuwa, ya san wannan misali sarai. Shi ne ma yake ba wa mutane shi, a ranakun da ya sami mai tsayawa.

Mutum ɗaya ne a duniya yake tsayawa, shi ne Malam Datti.

Malam Datti ya koyar da shi a shekarunsa na farko a jami'a, a Zariya, kafin ya yi ritaya. A Tarayyar Sobiyet ya yi karatu, ya dawo da digiri, da wata ƙatuwar kwat da bai sake samun dalilin sawa ba, da ƙiyayyar doguwar gaisuwa. Mutanen unguwa suna cewa sanyin can ne ya daskarar masa da ita. Amma a wasu wuraren ya fi limamin unguwar tsauri. Yana azumin Litinin da Alhamis tun yana saurayi, kuma Abdulgani da idonsa ya ga ya mayar da ɗalibi bakin ƙofa don ya miƙo masa takarda da hagu. "A kan allo ka yi hagun da ka ga dama," ya ce da shi, "amma ni ba allo ba ne."

Duk ranar Alhamis, ƙarfe shida na yamma a Kuala Lumpur, sha ɗaya na safe a Zariya, Abdulgani yakan rufe ƙofar ɗakinsa ya buga kiran bidiyo. Fuskar Malam takan fito a karkace, saboda da gwangwanin madara ake tokare wayar, bayansa baƙin allo cike da farin alli. Ba ina kwana, ba ya gida. "Ina muka tsaya?" Ita ce sallamar, ita ce gaisuwar. Daga nan sai a yi ta yi har ladanin masallacin ƙasan benen ya kira magariba. A cikin wannan ɗan lokaci Abdulgani yakan yi magana da Hausa a kan abin da ya fi so a duniya, kuma a ce masa ya yi shirme ta hanyar da ke nuna an saurare shi. Sauran kwanakin mako jira ne.

Sun raba aikin biyu tun farko. Malam ya ɗauki gidan biyar, Abdulgani ya ɗauki gidan goma, a ƙarshe a haɗa. Tun da hannun Malam ya soma rawa ya daina rubuta wa mutane komai. Yakan yi lissafinsa a allo da wasu manyan baƙaƙe da shi kaɗai ke iya karantawa, sai ya karanto sakamakon da baki. Ɗan ƙaramin harafin nan da ake liƙawa a gindin alama don a nuna dama ko hagu, bai taɓa furta shi ba. A ganinsa wanda ke buƙatar a gaya masa wannan bai kamata a bar shi kusa da alli ba. Abin da yake yi shi ne, in ya ce "gidan biyar" sai ya ɗaga hannu ɗaya, ya miƙe babban yatsa, ya naɗe sauran. A ranar farko Abdulgani ya ga kamar hannun dama ne, ya ɗan yi jim, domin shi a littattafan da ya koyi fannin a nan Malesiya komai a hagu ake rubuta shi. Sai idonsa ya kai kan ɗan hotonsa da ke kusurwar waya, ya ga tabon kuncinsa ya koma ɗaya gefen, kamar a madubi. Ashe waya ce ke juya mutane, ya ce a ransa. Hagu Malam ya ɗaga. Hankalinsa ya kwanta.

Da aka haɗa rabi da rabi, inda ya kamata su cinye juna a tashi babu komai, sai aka sami ragowa. 'Yar ƙarama ce, amma ta ƙi tafiya. Malam ya sake nasa, daidai. Abdulgani ya sake nasa, daidai. Malam ya sa mata suna Baƙuwa, tunda ba wanda ya gayyace ta. Tun daminar bara suke fama da ita: daga ina ta fito, me take nufi, ko wata ƙwaya ce da ba a gano ba take leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa. Farfesa Tajuddeen, ɗan Malesiyan da jami'a ta ɗora wa duba aikin Abdulgani, mutum ne mai ladabin da ba ya iya cewa a'a. Ya kalli Baƙuwa ya ce, "Boleh, boleh, zai yiwu, abin sha'awa ne," da irin muryar da ake yabon jaririn da bai yi kyau ba. Malam kuwa sai da ya koma kamar ɗan shekara arba'in. Har dariya Abdulgani ya taɓa ji ya yi.

Wata Alhamis, ana tsakiyar magana, hadari ya rufe garin kamar yadda ya saba da yamma, sai wani hannu mai lalle ya shigo cikin hoton riƙe da kofin silba da ƙwayar magani. Hajiya Uwa ce, matar Malam, wadda Abdulgani bai taɓa ganin fuskarta ba sai muryarta.

"Lokaci ya yi," ta ce.

"Ina aiki."

"Shi ma maganin aiki zai yi. Karɓi."

Malam ya dubi waya kamar wanda aka kama da laifi. "Likita ya hana ni azumi," ya ce a gajarce. "Wai zuciya. Yaro ne, ban jin ya kai ka." Ya sauke hannun da yake nuna gidan biyar da shi, ya karɓi maganin, ya karɓi kofin, ya yi bisimilla, ya sha.

Da hannun nan ya sha. Shi ɗin dai, wanda yatsunsa ke naɗe yanzun nan.

Ana iya samun kuskure a littafi, ana iya samu a na'ura, amma Malam Datti ya yi bisimilla ya kai ruwa baki da hagu, wannan sai dai in an canza shi da wani. Sauran hirar ta ranar bai san yadda ta wuce ba. Ya dai ce "haka ne, Malam" a wuraren da suka dace.

Ana idar da magariba ya ƙwanƙwasa ɗakin Halliru.

"Kira ni a bidiyo."

"Ga ni ga ka?"

"Shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka kira ni."

"Farfesa, in kaɗaici ne ya dame ka, ka fito falo mu zauna kamar mutane."

"Don Allah dai."

Halliru ya shiga ya kira. Fuskarsa ta cika wayar, yana taunar wani abu.

"Ɗaga hannun da kake cin abinci da shi."

"Ni da biyu nake ci in an yi biki."

"Halliru."

Ya ɗaga. Hannun dama ne, kuma a dama ya fito, kamar yadda za ka gan shi in yana tsaye a gabanka. Wayar ba ta juya kowa. Mai ita kaɗai take nuna wa kansa a juye, don kada ya tsorata da ainihin fuskarsa.

"Shi ke nan? Na ci jarrabawar?" Halliru ya tambaya. "In sauke, ko akwai kashi na biyu?"

Mutumin da ya ƙetare teku don nazarin bambancin dama da hagu a ƙwayar da ido bai taɓa gani ba, bai taɓa tuhumar wayar da ke aljihunsa ba. Washegari bayan sallar Juma'a ya zauna ya mayar da gidan biyar ɗin Malam zuwa hagu yadda ya kamata a yi tun farko, alama ɗaya ta juya, abin da ake tarawa ya zama abin ɗebewa. Kafin la'asar Baƙuwa ta tafi, ko sallama babu. Rabi ya cinye rabi, aka tashi babu komai, tas, kamar kwanon da aka ba almajirai.

Kundin digirinsa bai yi asarar komai ba. Hasali ma ya sami lafiya. Da ya kai wa Farfesa Tajuddeen labari, sai da mutumin ya tashi ya ba shi hannu, fuskarsa kamar an sauke masa kaya. Ya ce yanzu aiki ya zama tsaftatacce, ba mai jarrabawar da zai sami abin kamawa. Ya ce a ƙara shafi ɗaya a farko a faɗi tsarin da aka bi, hagu ko dama, shi ke nan. "Wannan ba abin gardama ba ne lah," ya ce, da 'yar "lah" ɗin nan da 'yan Malesiya ke rufe zance da ita. "Zaɓi ne kawai. Ko a babban ra'in, inda ake zuba biyar da goma da ƙarin ɗaya a gida guda na sha shida, irin gidan biyu ne, kowane madubin ɗan'uwansa. Wanda ka ga dama shi za ka kira na ainihi. Ba lissafin da zai raba, ba gwajin da zai raba."

Abdulgani ya yi godiya ya fito. Abin da ke ransa ba a shafi yake ba. In babu Baƙuwa, a ina aka tsaya? Malam ba ya hira. Bai taɓa tambayarsa me yake ci a ƙasar nan ba, bai san sunan ɗansa ba. Alhamis ɗin nan a kan ragowar lissafi take tsaye, ga shi kuma ya share ta da hannunsa.

Da yamma Halliru ya ja shi mamak, wato gidan abincin bakin titi, wurin da 'yan Najeriya ke taruwa su sha shayin madara mai kumfa su gyara ƙasarsu daga nesa. Halliru ya ga Abdulgani bai taɓa rotinsa ba, gurasar nan da aka kawo masa.

"Makan, ci mana. Ko ita ma sai ka auna juyinta?"

Abdulgani ya tsinci kansa yana ba shi labarin, a taƙaice, ba lissafi. Halliru ya saurara fiye da yadda ya saba, wato har ƙarshe.

"Tsaya in gane. Tsohon bai yi kuskure ba?"

"Bai yi ba."

"Kai ma ba ka yi ba."

"A nawa rabin, a'a."

"Amma an yi kuskure."

"An yi."

"Wallahi kun dace da aikin gwamnati." Ya kurɓi shayi. "To kada ka gaya masa mana. Mutum na shan maganin zuciya, ka bar shi da baƙuwarsa. Wa zai sani? Duk duniya ku nawa ne kuka damu, ku biyu?"

"Mu biyu."

"To ka gani."

Daga teburin gefe wani ya kira Halliru ya zo ya raba gardama a kan ko kuɗin ruwa ne ko riba, ya ɗauki kofinsa ya tafi. Abdulgani ya sa aka yi masa tapau ɗin rotin, wato aka ƙunshe masa a leda, ya hau sama.

Alhamis ta zo, ya bi shawarar Halliru. "Ina muka tsaya?" Malam ya ce, ya kuma amsa wa kansa, domin ya kwana da sabon tunani: wataƙila Baƙuwa alama ce ta cewa gidajen ba su cika ba. Ya tashi ya je allo, ya dawo yana haki, idonsa na ƙyalli. Ya ɗaga hannun nan, dama tsagwaronta, babban yatsa a miƙe. Abdulgani ya zauna yana gyaɗa kai kamar wanda ake tambaya lafiyar mutumin da shi ya binne shi jiya. Wannan ne karo na farko da aka yi hirar Alhamis shi kaɗai ya san abin da ake ciki, sai ya tarar ta fi sauran kwanakin mako kaɗaici. Da can mutum biyu ne a ɗakin. Yau shi ne da wani tsoho da yake lallaɓawa.

Alhamis ta gaba bai bari an tambaye shi inda aka tsaya ba.

"Malam, gidan biyar, a wane hannu kake rubuta shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A dama mana. Ba ka gani nake nuna maka ba?"

"Ni a hagu na ɗauke shi."

Wani zakara ya yi cara a Zariya, aka ji shi a Danau Kota.

"Wa ya ce ku mayar da shi hagu?"

"Haka kowa yake rubutawa yanzu, Malam. Ni kuma na zaci waya ce take juya hannunka."

"Kowa," in ji Malam, kamar ya tauna tsakuwa. Ya tashi. Abdulgani ya daɗe yana kallon bayan rigarsa da jin ƙarar alli, a hankali, ana rubutu ana tsayawa. Da ya dawo ya zauna, sai ya ga tsufan da Baƙuwa ta karɓa aro ta dawo masa da shi duka.

"Nawa daidai ne."

"Daidai ne, Malam."

"Naka ma daidai ne."

"E."

"Haɗin ne na banza." Ya goge allin yatsunsa a gwiwa. "To. Dama baƙo raɓa ne. Ka rubuta kundinka, ka yi shi da kyau. Allah Ya ba da sa'a."

Babban yatsansa ya cika hoton, wayar ta yi duhu. Ko rabin lokacin ba a ci ba. Rana na nan a kan benayen, ladan bai ma yi alwala ba.

Alhamis ɗin da ta biyo bai kira ba, domin bai san abin da zai ce bayan an ɗauka ba. Ya rufe ƙofar ɗakin bisa sabo, ya zauna, ya tashi. A ƙarshe ya sauka ya taka har tashar Wangsa Maju ya hau jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi, ba don yana da wurin zuwa ba. Ya tsaya a cikin mutanen da suka taso aiki, kowa da wayarsa, kowa da wanda yake ce wa ga shi nan tafe. Ruwa ya sauko ya rufe tagogi. Ya je ƙarshen layi, ya sauka, ya tsallaka ɗaya gefen, ya dawo. A hanya Ruƙayyatu ta turo saƙo cewa mai gyaran tanki ya zo amma bai zo da abin gyaran ba.

Ya yi mako yana tunani, ya kai ga abin da duk Bahaushe ya sani tun yana goye: ana iya kiran mutum a gaishe shi. Kakanni sun tanadi hira cikakkiya wadda ba ta buƙatar komai a cikinta, an gwada ta shekaru aru-aru ba ta taɓa ƙarewa a hanya ba. Shi da Malam ne kaɗai suka yi ilimin da ya raba su da ita.

Ƙarfe shida ya kira. An daɗe ba a ɗauka ba. Fuskar ta fito a karkace. Allon da ke baya an goge shi fes, kuma Malam a kishingiɗe yake, da matashi a bayansa.

"Ina kwana, Malam."

Malam ya dube shi da zargi. "Lafiya."

"An tashi lafiya?"

"Lafiya."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ya Hajiya? Ya yara?"

"Yaran da ƙaraminsu ya girme ka? Suna nan."

"Ya ruwa?"

"Yana zuba in ya ga dama. Abdulgani, akwai wani abu?"

"Babu, Malam. Gaisuwa ce."

"To, ta iso."

Abdulgani ya ga kafaɗar Malam tana motsi, ya ga babban yatsan ya taso yana nufo hoton. Abin da kakanni suka tanada ya ƙare a ƙasa da lokacin da ake ɗaura agogo. Bakinsa ya riga shi.

"Malam, a gidan sha shida, wanne kake kira na ainihi?"

Yatsan ya tsaya.

"Ban gane ba."

"Gidajen ai biyu ne, kowane madubin ɗan'uwansa. Zan rubuta shafin tsari a farkon kundi. Ni na ɗauki wanda littattafan yanzu suke ɗauka."

"Wato na hagu."

"E. Ina ganin shi ya fi hankali."

"Ya fi hankali." Malam ya janye yatsan. Ya dafa, ya ɗago daga matashin. "Ya fi hankali a wurin wa? Mutanen da suka rasa ƙarfin riƙe hannu biyu a kansu, suka mayar da komai gefe ɗaya don kada su ruɗe, su ne za su koya mini hankali? Ai kai ne shaida, ga inda sauƙin nasu ya kai mu."

"Amma Malam, in komai na hagu ne, ba a buƙatar..."

"Ba a buƙatar tunani, na sani. Saurara."

Abdulgani ya saurara. Ya san babu abin da za a gano a ƙarshen wannan magana, ya san Malam ya fi shi sani. Gardama ce a kan gefen titi, ba allon da zai raba ta, ba na'urar da za a gina a raba ta ko nan da tashin duniya. Duk da haka ya ja kujera, ya kawo hujja, aka ce masa shirme ce, ya kawo wata. Muryar Malam tana yankewa a tsakiyar jimla, sai ya tsaya ya nemi numfashi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sau biyu muryar Hajiya Uwa ta ce likita ya ce, sau biyu aka ce mata likita yaro ne. Hannun dama ya tashi, yatsu a naɗe, yana rawa fiye da da.

Ladan ya kira magariba a ƙasan benen.

"Ba ka gane ba tukuna," in ji Malam, yana haki. "Kanka ya cika da littattafan 'yan gajiya. Alhamis zan nuna maka."

"To, Malam. Allah Ya kai mu."

Bai amsa da amin ba, ya kashe.

Ɗakin ya koma yadda yake. A falo Halliru na waya yana dariya da wani, ruwa ya fara bugun gilashin taga, wankin mutanen benen da ke fuskantarsu yana jiƙewa ba mai ɗaukewa. Abdulgani ya yi salla, ya buɗe ledar abincin da ya sayo tun rana, ya ci a sanyaye. Sannan ya jawo takarda ya fara shirya hujjojin mako mai zuwa, yana zaɓe a tsanake, kada su yi raunin da Malam zai gane ana lallaɓa shi, kada kuma su yi ƙarfin da zai ce to, ka yi gaskiya.